Randar Muntaka

A Gidan Dabo, in ka ce Hure taurin kai gare ta, ba wanda zai ce ka yi mata sharri. Mijinta ma, Muntaka, Allah ya jiƙansa, cewa yake yi jakinsa ya fi ta jin magana. Amma taurin kan nan ne ya riƙe ta a shekarar da fari ya zo ya tarar ciwon bushiya ya riga ya kwashe shanu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin bazara ta shigo an canja kuɗi, an shiga layin sabulu da gishiri birni da ƙauye. Mutanen unguwar suka riƙa tafiya ci-rani gida-gida, kowa ya ja ƙaya ya kare ƙofarsa. Wurin da a da in ka yi atishawa a tsakar gidanka maƙwabci zai yi maka addu'a ta kan danga, sai ga shi ka wuni ba ka ji ko luguden taɓarya ba.

Hure ba ta da wurin zuwa. 'Ya'yan da ta haifa duk ƙasa ta karɓe su tun suna ƙanana, don haka ba wanda zai ɗaga hannu bayan salla ya ce Allah ya jiƙan babana. Abu ɗaya tak Muntaka ya bari a duniya da ke yi masa aiki, ita ce randarsa.

Ga yadda abin yake. Kafin a kawo famfo Garun Ɗan Iya, rijiyoyin garin duk ruwan zartsi ne, ba ya shawuwa. Ruwan daɗi sai daga fadamar bayan Gidan Dabo, a kan jakuna. Muntaka ya tsufa a wannan jigilar, ya kuma san ƙishirwar hanyar, yadda mutum zai ɗauko ruwan wasu maƙogwaronsa kuwa a bushe. Da ƙafa ta gaza, sai ya sa wata maginiya ta gina masa ƙatuwar randa, ya kafa ta a gindin gawon bakin hanya, ya ɗaura mata moɗa da igiya, ya ce sadaka ce, duk mai wucewa ya sha. Malamai sun ce irin wannan sadaka ladanta ba ya yankewa, muddin ana sha yana bin mai ita har kabari. Ranar da ciwo ya kayar da shi bai yi wa Hure wasiyyar gona ba, bai yi ta awaki ba. Cewa ya yi, "Hure, kada ki bar ta ta bushe."

Ba ta bari ba kuwa, har aka yi kwalta can gabas, kowa ya koma hawa mota, tsohuwar hanya ta mutu. Sai Hure ta ɗaga faifan bakin randar da yamma ta tarar da ruwan yadda ta bar shi da safe. Ana cikin haka, lokacin siyasa, kuɗi na yawo, wasu masu manyan riguna suka zo da mota tare da mai unguwa. Wai suna tara tsofaffin kayan ruwa, za a buɗe musu gida a Garun Ɗan Iya, kuma an ba su labarin randar.

"Inna, za a ajiye ta inda jama'a za su riƙa zuwa," in ji babbansu.

"Jama'a da yawa?"

"Har daga Kano!"

Hure ta yi lissafinta irin na mai hankali: jama'a da yawa, bakuna da yawa ke nan. Da murnarta ta ba su, har ta sake wa moɗar sabuwar igiya. Ko a mafarki ba ta kawo cewa akwai ɗan Adam ɗin da zai yi wahalar ɗaukar randa a mota ya kai ta wani gari ya girke ta ba ruwa ba. To don me? Tun daga ranar take kwana da sanyin zuciya, tana cewa Maigida yana can lada na shigar masa kamar ruwan damina.

Maijidda ce ta ɓata mata wannan lissafi, ba da nufi ba. Ita ce maƙwabciyarta ta ƙarshe da ta rage, kuma su ma mijinta ya ɗaure kaya za su Kano. Ta shigo sallama da goyo a bayanta, suka yi 'yan koke-kokensu, har ta miƙe sai ta juyo.

"Af, Inna, na manta ban faɗa miki ba. Ran da na kai yarinyar nan asibitin Garun Ɗan Iya na ga randarku. Rana ce ta kore mu muka fake a wani gida gindin tanki."

Fuskar Hure ta washe. "Allah Sarki! Kin sha? Da sanyi ko?"

"Sha kuma? Ai ba ruwa a ciki, Inna. Kallonta ake yi. Har igiya aka gitta kada a matsa kusa."

"Kallo?"

"Wallahi kallo. Gizo-gizo ma ya yi saƙa a bakinta."

Hure ba ta san lokacin da Maijidda ta fita ba. Ta zauna daɓas a kan turmi. Ashe duk tsawon lokacin nan da take baccinta har da minshari, bawan Allahn nan yana kwance ba abin da ke isa gare shi, kuma da hannunta ta miƙa. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba yana raye. Ba kowa a gidan, amma sai da ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Washegari da asuba tana bakin rijiyar fadama. A shekarar nan ba jan ruwa ake yi ba, roƙonsa ake yi. Ka zura gwangwani ka jira ya tsattsafo, ka jawo rabin gwangwani rabin laka. Ta yi ta yi har hantsi kafin ƙaramin tulunta ya cika, ta kai gida ta bar shi ya kwanta, ta tace da farin ƙyalle har sau biyu, don ba za a ce ruwan randar Muntaka da gurɓata ba. Kashegari ta yi bisimilla, ta ƙudurta a ranta cewa sadaka ce, ta toshe bakin tulun da tsumma mai tsabta, ta naɗa gammo ta ɗauka.

Ba ta nufi kwalta ba. Ko da an sami mota, wane direba ne zai ɗauki tsohuwa da tulu a wannan tsadar mai? Tsohuwar hanyar jakuna ta bi, ta wuce gindin gawo ba ta kalli gurbin randar ba. Gonaki fetal, ko karan dawa an tsince an ba dabbobi. Gida bayan gida ƙaya ce a ƙofa. Ta yi sallama a wani da ta ga kamar da mutane, don a taimaka a sauke ta ta huta, sai kurciya ce ta tashi daga kan rumbu. Dole ta durƙusa a hankali ta sauke wa kanta, gwiwoyinta na ƙara.

Rana ta take, ƙasa ta ɗauki zafi har tana ratso takalminta. Harshenta ya manne da ganda. Ruwan na kanta yana ɓulɓul a kowane taku kamar mai tsokana, amma ba ta ko taɓa tsumman ba. Abin da aka riga aka ce sadaka ne ya fita daga hannun mai shi, in ya dawo ya ci ya lashe amansa. Haka aka koya mata, haka kuma ta yi duk shekarun da take cika randar nan, ko kurɓi ɗaya ba ta taɓa yi daga cikinta ba.

Bayan azahar ta shiga Garun Ɗan Iya. Ba ta sha wahalar nema ba, tankin na tsaye a gefen gari kan dogayen ƙafafunsa na ƙarfe, ya yi tsatsa, a gindinsa ga wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Nan ne tsohon gidan famfo, inda injin tura ruwa yake a da, shi aka shafe da fenti aka ce gidan tarihin ruwa ne. Wani mutum mai furfura jefi-jefi na gyangyaɗi a kan benci a baranda. Shi ne Malam Sama'ilu, mai tsaron wurin. Da ya ji sallama ya zabura.

"Inna, in ruwa kike sayarwa ba kowa a nan, sai cikin gari."

"Kallo na zo. Ba nan ne ake kallo ba?"

Kai, ka ga murna wurin mutumin nan! Da gani ya daɗe bai yi baƙo ba. Ya sauke ta, ya jingina tulun a bakin ƙofa, ya ce ba a shiga da kaya, ya gyara hula ya shige gaba yana karanto bayanin da ya haddace tun ranar buɗewa.

"Wannan shi ake kira guga, na fata ne, da shi mutanen da suke jan ruwa."

Hure ta dube shi ta dubi gugan. "Mutanen da?"

"Wannan kuma ƙugiya ce, in guga ya faɗa rijiya da ita ake lalubo shi. Wannan salka ce. Ga garwa biyu da sanda, na 'yan ga-ruwa."

"Ikon Allah," in ji Hure. "Ai duk akwai su a ɗakina, ƙugiyata ma ta fi wannan haƙora. Ashe ni ma kayan tarihi ce, Malam, sai ku nema mini kusurwa."

Malam Sama'ilu ya yi dariya har da tari. Ya nuna mata injin, baƙi ƙirin, girmansa ya kai ɗan bijimi, ya ce ranar da aka fara tayar da shi har mata sun yi guɗa. Ya nuna mata guntun bututun farko da aka binne a garin, da kan famfon farko na tagulla, da hoton wasu mutane sun yi layi da bokitai suna dariya. Ta tambaye shi ko famfon na kawowa yanzu. Ya ce ina, sabon injin ma ya tsaya, ba mai ba kayan gyara, garin duk an koma zartsi da 'yan ga-ruwa. Ita dai kunnenta ne kawai a wurinsa, idonta na can ƙarshen ɗakin.

Randar na nan a kusurwa, kan wani ɗan dakali, an gitta jar igiya a gabanta. Ta yi furu-furu, duk sheƙin nan na randa mai shan ruwa ya tafi. Moɗar na rataye a wuyanta da igiyar da Hure ta tufka da hannunta. Hure ta tsaya. Da a ce mutum ta tarar an yi wa haka da ta san abin da za ta ce masa.

"Wannan randar bakin hanya ce," in ji Malam Sama'ilu, "irin wadda ake..."

"Ta Muntaka ce."

"Na'am?"

"Ta maigidana ce, Muntaka na Gidan Dabo. Ni na bayar." Ta faɗa masa komai a gajarce, ba ta yi kuka ba. Sannan ta ce, "Ga ruwa can na kawo. In zuba, ka sha, ko moɗa ɗaya ce."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Inna, wallahi kin ba ni tausayi. Amma doka ce, ba a taɓa kayan nan. In wani ya gani ya kai ni gaba, a wannan zamanin da ake korar ma'aikata kamar kaji, ina zan sa kaina da iyali? Ƙishirwa kam ina ji, tun safe ban sa komai a bakina ba. Ki zuba mini daga tulun, in sha in yi masa addu'a."

"Tulun nawa ne. Shi randa ya kafa."

"Ai duk ɗaya ne wurin Allah, Inna."

"In ɗaya ne me ya sa bai ce kada in bar tulu ya bushe ba?"

To, ka ji Hure. Rijiya ta bayar guga ya hana, sai dai a nan ba ka san wane ne gugan ba, shi ko ita. Suna cikin wannan ja-in-ja sai ga wani a kan keke ya wuce a guje yana ƙwala kira, "Sama'ilu! Motar shinkafa ta iso firamare, an fara layi!" Malam Sama'ilu ya rikice. A lokacin nan in ka yi jinkirin sa takalmi sai dai ka ji labari.

"Inna, ki huta a inuwa, in za ki tafi ki ja ƙofar. Don girman Allah kada ki taɓa komai!" Kafin ta amsa ya yi nisa, rigarsa na tashi a bayansa.

Hure ta jira har ƙarar takalminsa ta ɓace. Sannan ta ɗauko tulunta, ta ɗaga jar igiyar ta sunkuya ta wuce. Ta zura hannu har kafaɗa ta share saƙar gizo da ƙurar ciki da gefen mayafinta, don ba ta da ruwan ɗauraya. Ta yi bisimilla ta tuttula. Randar ta yi wata 'yar ƙara, tsuuu, ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu ya tashi ya cika mata hanci. Ruwan da ta ɗauko tun safe har wuyanta ya ƙage, a cikin randar ko kwata bai kai ba.

"To Maigida," ta ce a hankali, "ga shi nan. Ka yi haƙuri da ni."

Saura mai sha. Ta fito baranda ta tsaya tana duban hanya. Can sai ga wata mata da buhu a hammata tana sauri.

"Baiwar Allah, ga ruwa, sadaka! Mai daɗi, na fadama!"

"Sai na dawo, Inna!" Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Wani dattijo ya zo wucewa da sanda, ya ɗan tsaya da ya ji an ce ruwa. Da ta nuna masa cikin ɗakin, sai ya dubi ƙofar, ya dubi tsohuwar da bai sani ba, buɗu-buɗu da ƙura, idanu sun faɗa. Ya ce a'uzubillahi, ya ƙara sauri. Hure ta bi shi da tsaki. Garin da ake sayen ruwan zartsi, ga na daɗi kyauta an rasa mai sha! Ko akuya ce ta gitta da ta jawo ta, amma awakin ma an sayar an ci.

Ta koma ciki don ta duba randar. Dakalin ya jiƙe. Wani siririn ruwa na gangarowa yana bin siminti ya nufi ƙarƙashin injin. Ta durƙusa ta shafa gindin randar, yatsanta ya ji tsaga, siririya kamar silin gashi. Ko a motar nan ta samu, ko bushewa ce ta jawo, oho. Ta danna tsumman tulun a wurin, ta danne da tafin hannu, ruwan ya ci gaba da tsattsafowa ta tsakanin yatsunta. Ta saki ta ruga ƙofa ta ƙwala kira, muryarta ta shaƙe don bushewa. Hanya wayam. Daga nesa kawai take jin hayaniyar masu layi, duk garin yana can.

Haka ta yi ta safa da marwa tsakanin ƙofa da randa har inuwar tankin ta miƙe ta haye hanya. Duk leƙawar da za ta yi ruwan ya ƙara ƙasa. A ta ƙarshe ta ga abin da ya rage bai fi a karkata randar a cika moɗa ba. Ta zauna a gefen dakalin. Ba ta taɓa jin ita kaɗai ce a duniya kamar yau ba, ko ranar da aka fita da gawarsa, don ran nan gidan cike yake da mutane.

"Kai ma ka gani," ta ce da randar, kamar Muntaka ne a gabanta. "Na kira, ba su zo ba. Me kake so in yi?"

Ta dubi ƙafafunta, sun yi fari fat, diddige ya tsage yana ɗan jini. Ta daɗe tana kallonsu. Irin ƙafafun nan ta sha gani a gindin gawo, na fatake da masu tallan itace da matan da suka fito unguwa mai nisa. Don masu irinsu aka kafa randar. Muntaka bai ce ban da wance ba, cewa ya yi duk mai wucewa. Ita kuwa yau ba a ƙofar gidanta take ba. Baƙuwa ce a garin da ba wanda ya san sunanta, ta yini a hanya, kuma ƙishirwa na neman kashe ta.

"In na yi laifi Allah ya yafe mini," ta ce. "Kai dai ya isa gare ka."

Ta kwance moɗar, ta karkata randar da kafaɗarta, ta kwalfe abin da ya rage. Ta koma bayan jar igiyar ta durƙusa kamar yadda baƙi ke yi, ta yi bisimilla ta kafa kai. Ashe haka ruwan randar nan yake, da sanyi da ɗanɗanon ƙasa. Shekara da shekaru tana jin ana yabonsa, sai yau ta sani. Ta shanye tas, ta sauke numfashi, sannan ta ɗaga murya yadda duk wanda ya sha yake yi.

"Allah ya jiƙan mai randar nan. Allah ya kai haske kabarinsa."

Ta kasa kunne tana jira. A gindin gawo ita ce mai amsawa, daga inda take zaune tana kaɗi. Nan kuwa ba kowa sai inji da guga da mutanen cikin hoto. Ta jira har ta tabbata ba mai cewa komai, sannan ta share bakinta da bayan hannu.

"Amin," in ji Hure.